Baba Kati, Mai Raka Ɗalibi Har Gaban Littafi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin mai shara ya gama da baranda, Baba Kati ya riga ya buɗe tagogin laburaren jami'a. Zai rataye jakarsa a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya bi kantocin littattafai layi-layi yana mayar da duk wanda ya kwana a gidan da ba nasa ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, don haka gara a faɗi alherinsa yana ji, ko da zai ce an cika surutu.

Sunan ya samo shi ne daga tsohuwar durowar katako mai aljihu sittin, wadda a da ake duba katunan cikinta a gano inda littafi yake. Da kwamfuta ta zo aka ce a fitar da ita, Baba ya ce sai dai a fitar da su tare. Aka bar masa kayarsa a lungu.

Ɗalibai sun san shi da hali guda mai ban haushi: ba ya miƙa wa mutum littafi. Ka zo a gurguje ka ce, "Baba, don Allah ina littafi kaza?" sai ya miƙe, ya goya hannuwa a baya, ya ce, "Wuce gaba, ina biye da kai." Ko ido rufe ya san inda littafin yake, amma sai ka karanta lambar da kanka, ka ɓata, ka dawo, ka samo.

Sai jami'a ta mayar da rabin karatunta ta intanet, har da darasin da Baba ke ba sababbin ɗalibai kan yadda ake bincike. Ranar farko ya sha ado, ya zauna gaban kwamfuta, ya yi minti arba'in yana zuba wa baƙaƙen akwatuna bayani, babu fuska ko ɗaya. Da ya ce ko akwai mai tambaya, zakara ne ya amsa daga gidan wani. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sami shugabar laburare ya ce, "Ranki ya daɗe, an sare mini ƙafafu. Ta yaya zan raka wanda ban gani ba?"

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar jinya ta kira shi. Karatu take yi daga nesa, tana aiki a wani ƙaramin asibiti, kowa Sista yake ce mata. Malamin da ke duba kundin digirinta ya dawo mata da babi na biyu, ya ce duk abin da ta kafa hujja da shi tsince-tsincen intanet ne, ta nemo binciken masana na gaske. Kwana goma sha biyu suka rage mata. In ba ta mayar ba wa'adin karatunta ya ƙare, shekara huɗu ta tafi a banza.

"Baba, ka taimake ni ka turo mini takardun kawai," in ji ta. "Nan ko bidiyo ba ya buɗewa. Sai na je bayan tankin ruwa nake samun sabis."

"Hoto fa, yana buɗewa?"

"Yana buɗewa."

"To, 'yata, ba zan turo miki takarda ko ɗaya ba. Wuce gaba, ina biye da ke."

Ya je lungu ya jawo aljihu ɗaya na durowarsa, ya zaro kati, ya juya bayansa ya rubuta da manyan baƙaƙe: shiga shafin laburare, danna nan, sa lambar ɗalibtarki. Ya ɗauki hoton katin ya tura, ya ce in ta yi ta ɗauko masa hoton abin da ta gani, sannan kati na biyu ya zo. Mataki ɗaya, kati ɗaya.

Kwana uku babu hoto daga Sista. Baba ya tsorata, ba ƙarya. Ga takardun nan a gabansa, dannawa ɗaya zai yi su isa gare ta. A gida ya tasa abinci gaba yana juya cokali, har mai ɗakinsa ta ce, "Wai kai wannan taurin kai da shi za ka tsufa? Yarinya na cikin wuta kana koya mata karatun kati!" Ya ce, "In na tura mata yau, ranar da za a titsiye ta a tambaye ta inda ta samo su, ni zan amsa?"

Rana ta huɗu da hantsi sai ga hoto ya shigo, an yi matakin farko daidai. Kafin a tashi aiki sun kai kati na shida. Sai ga saƙon murya, tana haki: "Baba! Bincike ɗari biyu da wani abu suka fito! Wanne zan ɗauka?" Baba ya tuntsire da dariya a tsakiyar ɗakin karatu, har ɗalibai suka juyo suka ce masa, "Baba, a yi shiru mana, laburare ne." Kati goma sha huɗu suka yi, na ƙarshe kan yadda ake gane binciken kirki da na bogi. Ta mayar da babin saura kwana biyu, kuma ya wuce.

Daga nan shugaba ta sa aka ɗora katunan a shafin laburare, ɗaliban nesa suna ta tura wa juna a waya. Yanzu in Baba yana darasi, rabi na zaune gabansa rabi na cikin kwamfuta, ba ya nuna nasa allon. Ɗalibi ne zai nuna nasa, shi kuwa yana tsaye da hannuwa a baya.

Baba Kati, kai ne ka ƙi yarda nisa ya hana rakiya. Kai ne ka koyi sabon aiki da furfura a ka, ba ka ji kunyar cewa "ban iya ba, a nuna mini" ba. Mai haƙurin jiran ɗalibi ya ɓata ya dawo, mun gode.

Makon jiya Sista ta zo da ƙafarta, karon farko da suka ga juna. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yafe ni, wata takwas ban neme ka ba."

"Kin yi bincike a wata takwas ɗin?"

"Kusan kullum. Har abokan aikina nake koya wa."

"Kina samun abin da kike nema?"

"Ina samu."

"To me zan yafe? Ai godiyar ke nan." Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, ku riƙa raka ɗalibi ko yana bayan tankin ruwa. Durowar tana nan a lungu, kuma aljihu hamsin da tara ba a rubuta komai a bayan katunansu ba tukuna.