Saura Ɗaya

Duk wanda ya san kasuwar Gwandu ya san Inna Albarka mai ƙorai. 'Yar Masama ce, aure ya kawo ta gari, ta taho da sana'ar uwarta: ta sayi duma, ta yanka, ta fafe, ta yi masa zane da ƙarfe mai zafi. Ga hannu ga baki! In ta tsare ka da hira, wallahi sai ka sayi masakin da ba ka da abin zubawa a ciki.

Da kwanukan roba suka cika gari, cinikin ƙorai ya ja baya, amma ko a jikinta. Sai ta koma yi wa yara 'yan ƙoƙuna na wasa, biyar-biyar, kowanne ya ɗara ɗan'uwansa, ƙarami ya shige cikin babba ya zauna daram. Jaririn unguwa na fara zama za ta aika masa da nasa. Wasa da tsakuwa ko ƙwallon dabino kuwa ta hana, ta ce yaro duk abin da ya ɗauka baki zai kai.

Ana nan aka kawo mata yaye daga Kalgo: Muzzammil, ɗan farin 'yarta Hafiza. Yaro kyakkyawa, ga ƙiriniya, sai dai ya haura shekara biyu bai taɓa furta ko kalma guda ba. A Kalgo har an fara raɗe-raɗin ko bebe ne.

Abin na cin Hafiza a rai, amma ina bakin faɗa? Kunyar ɗan fari ta ɗaure ta. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. In ta bugo waya sai ta tambayi lafiyar awaki, ta tambayi zafi, ta tambayi maƙwabta, sannan ta yi shiru. Albarka ta san abin da shirun ke tambaya, kuma tausayin 'yarta kan kama ta ƙwarai.

Ta goya shi zuwa asibiti. Aka duba kunne aka ce lafiya lau, a dai riƙa yi masa hira da yawa.

"Hira?" in ji Albarka. "Ai an kawo shi gidan hira!"

Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ta zube ƙoƙuna, ta fara tsokanar jikan nata da sunan da kaka ke kiran jika.

"Maigida, cefane ka hana ni, magana ma sai ka hana ni? To zo mu yi aiki."

Da fari rigima ce zalla. Ya dage sai babba ya shiga cikin ƙarami, in ya ƙi ya yi jifa da shi, ko ya kifa shi a ka kamar hula. Ita kuwa tana ta ƙirga masa da ƙarfi, tana kama hannunsa tana taɓa kowane ƙoƙo. A hankali hannun ya gane hanya. Sai ta ƙaro wayo: ta ɓoye guda ƙarƙashin zanenta, ta buɗe ido ta ce, "Af! Maigida, saura ɗaya!" Shi ko ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaro abinsa. Amma magana, shiru.

Da yaye ya kammala, Hafiza ta zo ɗaukarsa. Ta sauko daga babur a gajiye, ta gaida uwarta, ta zauna ta ba yaron baya yadda ya kamata. Ƙishirwa ta dame ta, ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ta ɗauki ƙoƙo guda daga tabarma, ta ɗebo ruwa a randa ta sha, ta ci gaba da riƙe shi.

"Inna," ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "wancan... har yanzu?"

Albarka ta waiwaya wajen jikan nata.

Shi kuwa Maigida yana can yana aikinsa. Ya saka, ya saka, ya tsaya. Na tsakiya babu. Ya ɗaga gefen zanen kakarsa, wayam. Ya leƙa ƙarƙashin tabarma. Sai ya hango shi. Ya tako dagwai-dagwai har gaban uwarsa, ya ja mayafinta, ya miƙa hannu.

"Saula ɗaya."

Albarka ta rangaɗa guɗar da ta watsa kajin gidan. "Kun ji min mutum! Ni ke dafa mishi, ni ke wanke shi, amma sai ga wata zai buɗe baki!"

Hafiza ba ta ji ta ba. Hawaye na zuba, dariya na cin ta, kunya ta ce ta kau da kai, ta kasa. Yaron na tsaye, hannu a miƙe, yana jiran ƙoƙonsa.

Sai ta mayar da ƙoƙon bayanta ta ɓoye.

"Ban ji ba, Muzzammil," ta ce. "Sake faɗi."