Karen Anti a Tsakar Gidan Haya

Shekara huɗu na yi a wani tsohon bene a unguwar Al Muraqqabat, can ƙasar Larabawa, bayan layin masu canji. Fulat shida ne, da tsakar gida guda da muke tarayya a kanta: daɓen siminti, igiyoyin shanya uku, da famfo a kusurwa. Aikina a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali yake, ofishin da ake cike takardun kwantena. Kafin rana ta fito na bar gida, in dawo bayan magariba ƙafafuna a kumbure saboda tsayuwa a jirgin ƙasa na metro. Ranar hutu kaɗai nake ganin tsakar gidan, ita ma wanki ke kai ni.

A ƙasa da ni akwai wata 'yar Kafanchan, Kirista, mai gyaran gashi a wani shago kusa da Al Rigga. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Mu biyu ne masu jin Hausa a gidan. Kafin ta koma shagon, ta yi shekaru tana jinyar wata tsohuwar Baturiya. Da 'ya'yan tsohuwar suka zo mayar da ita ƙasarsu, likitan dabbobi ya ce karenta ba zai jure jirgi ba. Haka Anti ta gaje shi: ɗan ƙarami, fari, tsufa ya ci ƙarfinsa, ido ɗaya ya yi yana. Ko haushi ba ya yi. Safe da yamma takan sake shi a tsakar gida ya ɗan zagaya.

Wata Asabar iska ta kayar da hijabin sallata daga igiya. Na sauko na tarar da karen kwance a kansa, yana lasar gefe. Satin nan na sha wuya a ofis, ga ciwon baya. Ban ƙwanƙwasa ƙofar Anti ba. Na sake wanki ina huci, na hau sama na aika wa wakilin mai gida saƙo.

Kwana biyu sai ga takarda manne a ƙofarta, da Larabci da Turanci: an hana kare fita tsakar gida, kuma ta nemi inda za ta kai shi. Anti ta hawo wurina da ita, haɗe da takardar hayarta, ta ce in duba mata tunda ina ɗan jin Larabci. Na karanta takardar hayar layi-layi. Babu inda aka ambaci dabba, ba a hana ba, ba a kuma yarda ba. Ta nuna mini katin rigakafinsa da lambar hukuma da ke wuyansa. Na ce mata komai nata daidai yake, na kasa ɗaga ido in dube ta.

Daga nan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wakili ya ce tsakar gida ta mai gida ce, ɗaki kawai aka ba mu haya. Anti ta ce in haka ne, da izinin wa muke shanya? Telan da ke fulat na farko ya ce 'ya'yansa suna wasa a wurin. Wasu ma'aikatan jinya biyu 'yan Filifin suka goyi bayan kare. Kullum na fito daga metro sai in tarar da saƙonni jibge a zauren wayar da muka buɗe na 'yan gidan, kowa ya zama lauya. Ita kuwa Anti ta koma ɗaukar karen a hannu ta tsallaka titi da shi zuwa wani fili mai yashi, cikin zafin da ke ƙona tafin ƙafa. Daga taga nake ganinta. Na gaji da rigimar, na gaji da kaina.

Ni na ce mu je mu ga mai gidan da kansa. Dattijo ne da ya koma gonarsa a garin Hatta, can cikin duwatsu, ba mu taɓa ganinsa ba. Muka hau bas ranar Lahadi bayan ta taso daga coci. Sai da duwatsu suka fara bayyana na iya buɗe baki.

“Anti, ni ce na kai ƙara.”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Na sani tun ranar, ƙanwata. Na ga kin sake wanke hijabin. Da kin faɗa mini da na ɗaure shi.”

Da bas ya tsaya muka sauka.

Mun sami dattijon a inuwar dabino, awaki na kai da komo. Ya sa aka kawo mana gahawa. Na yi masa bayani da gurgun Larabcina, ban ɓoye nawa laifin ba. Ya ce rabonsa da ganin gidan har ya manta launin ƙofarsa, ɗansa ne ke kula da shi. Ya tambayi shekarun karen, ya girgiza kai. Sannan ya yanke: filin nasa ne, amma duk wanda ya ba ɗaki ya ba shi fili. A fitar da kare da igiya a wuya, da sassafe da bayan la'asar, nesa da shanya, a wanke inda ya ɓata. Na roƙe shi ya rubuta mana.

Ya ce, “'Yata, bakina bai isa ba? Khalas, magana ta ƙare.”

Bakin nasa ya isa har wata bakwai. Anti ta sayi bokiti da buroshi na musamman, ni kuma na koma matse wankina da abin maƙalewa. Da lokacin sabunta haya ya zo, ɗan ya aiko da sabuwar takarda. A shafi na biyu an ƙara layi ɗaya: ba a ajiye dabba kowace iri. Na kira lambar gonar, aka ce dattijo yana asibiti. Wasu suka ce wa Anti ta kai ƙara ofishin sasanta rigimar haya, wai ba a canza sharaɗi haka kawai. Ta ce ranar hutunta ɗaya ce a sati, ba za ta ƙarar da ita a layi ba.

Ta sami ɗaki can bayan gari, inda sai ta hau bas biyu kafin ta iso shago. Na taya ta ɗaure kaya a kwalaye. Ni kuma na sa hannu a sabuwar takardar, domin ba ni da ƙarfin neman wani gida.

Da zafi ya sake shigowa ta kira ni ina ofis, ta ce karen ya mutu da safe, a kan tabarmarsa. Ban san irin gaisuwar da ake yi wa mutum a kan kare ba. Na ce mata sannu, Allah ya ba da haƙuri. Ta ce amin, ta ce bari ta tafi, bas ɗinta ya iso.