Ragar da ba ta nuna ba

Tukunyar gas na kawo ɗakin bincike, ina jiran a karɓa, sai na hango ta ta cikin gilashi. Gajera ce, farar rigar aiki ta yi mata yawa, tabarau na zamewa tana mayarwa da bayan hannu. Tana ciro ragar ƙarfe daga wani ruwa, farin abu ya tsiro a jikinta kamar gishiri. Mai gadi ya ce lu'ulu'u ne mai ƙananan ƙofofi, in hayaƙi ya bi ta ciki sai ya riƙe iskar da ke ɗumama duniya.

Kusa da ni a benci wani mai tumbi yana ta karkaɗa ƙafa. Manajan kamfanin siminti ne, an ce ko su tace hayaƙinsu ko a rufe su.

Ya ƙwanƙwasa gilashin. "Ranki ya daɗe, har yanzu?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba ta nuna ba, Yallaɓai. Lu'ulu'u ba ya jin tsawa."

Ban san tsakaninsu ba, amma na san wannan murmushin. Ina zaton ta taɓa kwana biyu tana zarya ofishinsa da wannan dabarar, ana ce mata Oga ba ya nan, alhali tana jiyo dariyarsa.

Ragar ta yi fari fat, a idona dai ta gama. Ta ɗaga ta daidai fuskarsa, ya gani da kyau, sannan ta mayar cikin ruwan. Ta jawo kujera, ta harɗe ƙafa.