Daɓen da ke ƙarƙashin masallacinmu

Masallacin unguwarmu, can wajen Ƙofar 'Yandaka, ba wanda ya san mutumin da ya gina shi. Kawuna ne limaminsa, kuma ya ce kakansa ma a tsoho ya tarar da shi. Ginin ƙasa ne, rufin azara, ga ginshiƙai masu kaurin gaske. Sai ka sunkuya kake shiga, kuma gangarawa ake yi, don hanya ta yi ta tashi ta bar shi a ƙasa. A cikinsa aka ɗaura auren mahaifina, a cikinsa aka ɗaura nawa.

Wata damina bangon gabas ya tsage. Mutanen unguwa suka ce a haƙa a zuba harsashin siminti. Na dawo daga ofis bayan la'asar, na tarar magina sun ajiye diga da shebur, suna tsaye a bakin ramin.

Na leƙa. Ashe ƙarƙashin daɓenmu akwai wani daɓen, ja, sumul kamar an shafa masa mai. A jikinsa ga gurabe a jere, sahu-sahu, biyu na gwiwa, ɗaya na goshi a gabansu. Yawan sujada ne ya lotsa ƙasar. Babban maginin ya ce da ya sa tafin hannunsa a gurbin goshi ɗaya, ɗumi ya ji, kamar yanzu mutum ya ɗago. Kawu ya zo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bari sai gobe.

Da magariba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta. Gidanmu na jikin masallacin, don haka ni kaɗai na iso. Na jira, ba wanda ya zo, na tayar da salla. Ina kai ƙarshen Fatiha sai na ji "Amin" a bayana. Ba murya ɗaya ba ce. Muryoyi ne masu yawa, na dattawa, a hankali, kamar daga ƙasa suke tasowa. Na ɗauko sura na karanta. Ban san yadda na ƙarasa ba. Da na yi sallama na waiwaya, ba kowa sai tabarmi.

Na ratsa ruwan na sami Kawu a zaurensa.

"Lafiya? Mi ya faru?"

Na faɗa masa. Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ka yanke sallar?"

"A'a, Kawu."

"To, madalla. Da ka yanke, da ka ɓata musu tasu."

"Mutane ne ko aljanu?"

"Masu salla ne," in ji shi. "Iyakar abin da na sani ke nan."

Washegari ya sa aka mayar da ƙasar, aka nemo maginan gargajiya suka ɗinke bangon da laka. Matasa ba su ji daɗi ba, daɓen tayil da fanka suke so. Daga baya suka gina nasu a bakin titi, yawancin jama'a suka koma can.

Kawu ya rasu. Yanzu mu kaɗan ne muke salla a tsohon, wani lokaci ni nake ja. Ban sake jin muryoyin ba. Amma duk ranar da ruwa ya tsare mutane, a gida nake yin magaribata.