Mangalar Kabeji a Gidan Mai Jego

Har yau ranar da na fara shiga gidan su Rabi ba ta fita daga raina ba. Lokacin rani ne, a shekarata ta farko a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke bayan Bagwai. Ni ce ƙaramar ungozoma, a ƙarƙashin Sista Hajara, wato shugabar asibitin. Ƙa'idar aikinmu ita ce mu bi mai jego har gida mu duba ta, ko jaririn ya rayu ko bai rayu ba.

Rabi ta haifi ɗanta na fari, ya koma kafin suna. Amma nono bai san an yi rashi ba. Na same ta a gidan kakarta, Inna Tabawa, inda ta zo wanka, ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, ko hannu ba ta iya ɗagawa. Tsohuwar, don tausayi, tana gasa mata da ruwan zafi tana tatsewa. To duk tatsar da aka yi, jiki ƙara kawowa yake. Tsorona kada ya zama ƙurji har a kai ga tsagawa.

Na yi bayani a hankali: a daina tatsa sai ɗan abin da zai rage raɗaɗi, ta sa rigar nono mai kama jiki, ta sha maganin ciwon da na ba ta, sannan a riƙa ɗora tsumma mai ruwan sanyi.

"Ruwan me?" in ji Inna Tabawa. "Mai jego da ruwan sanyi? 'Yar nan, so kike sanyi ya shige ta? Ba a gidan nan ba."

Na koma asibiti hankalina a tashe. Sista ta saurare ni, ta ce, "Kada ki yi faɗa da tsohuwa a kan wanka. Ki sa a wanke ganyen kabeji, a ɗora a jikin randa ya yi sanyi, a lulluɓa mata a ƙirji." Na ce ni dai a makaranta an ce ba a gama tabbatar da amfaninsa ba. Ta ce, "Gaskiya ne. Amma yana da sanyi, kuma tsohuwa ba ta tsoron ganye."

Na koma gidan na kai wannan shawarar. Inna Tabawa ta ce, "Ganye ai magani ne. Da haka kika ce tun farko!"

Mijin Rabi, Malam Sale, noman rani yake yi, sai na aika masa ya kawo kabeji ƙwaya ɗaya. Ashe bawan Allah tun rasuwar yake neman abin da zai yi wa matarsa ya rasa. Sai ga shi a ƙofar gida da jaki, mangala cike dam.

Inna Tabawa ta leƙa zaure ta riƙe haɓa. "Sale, matar taka zomo ce?"

"Inna, na ce ko ba zai isa ba."

Sai muka ji dariya daga ɗaki. Rabi ce, ta dafe ƙirji tana cewa, "Wayyo Inna, ki bari, ciwo yake mini!" Matan gidan suka ce tun ranar da aka ɗauki yaron ba a ji muryarta haka ba. Da yamma aka yi kwaɗon kabeji har maƙwabta suka samu, ni ma aka cika mini kwano.

Na ci gaba da zuwa ina duba zazzaɓi ko jan fata, ban ga ko ɗaya ba. Kumburin ya saɓe, nonon ya ƙafe a hankali. Ba zan ce kabejin ne ba. Ina ganin daina gashi da tatsa ya fi yin aiki, kuma wata macen sai an haɗa da maganin likita.

Abin da na koya, ƙannena masu shigowa aikin ungozoma, shi ne gidan da aka yi rashi cike yake da masu son taimako da ba su san ta inda za su kama ba. Idan kun hana su wani abu, ku ba hannunsu wani aikin. Sai dai ku faɗi adadi da kyau, musamman in mijin yana da jaki.