Gurbin Ɗan'azumi

Duk wanda ya je biki tsakanin Makarfi da Ikara a 'yan shekarun nan, ya ji kiɗan Safiyanu Mai Jita, zai lura da wani abu. Yakan kaɗa layi guda, sai ya ɗauke hannu, wuri ya ɗan yi tsit, sannan ya ci gaba. Samari na cewa salo ne, har masu koyo sun fara kwaikwayonsa. Ba salo ba ne ko kaɗan. Abin yana da mafari, kuma shi kansa ba ya son a tayar da maganar.

A Gazara aka haifi Safiyanu, a gidan manoman rake masu dafa mazarƙwaila. Jitarsa ta farko da galan ɗin mai da wayar birkin keke ya haɗa ta, babansa ya farfasa ta sau biyu, a na uku ya gaji ya ƙyale shi. Dogo ne, mai son a kalle shi, irin mutanen da ko hula za su sa sai sun nemi madubi. Amma hannu, Allah ya ba shi. In ya taɓa tsirkiya, tsohuwar da ta zo da sanda sai ta manta inda ta jingina ta.

Shekara goma sha tara ba shi kaɗai yake kiɗa ba. Akwai Ɗan'azumi, mutumin Hunkuyi, gajere, marar yawan magana, kullum da ɓarin goro a kunci. Shi ke riƙe da jita ta biyu. Aikinsu kamar na mawaƙi da ɗan amshi ne: Safiyanu ya jefa layi, Ɗan'azumi ya mayar masa. Abin da ya fito da su kuwa shi ne take. Kusan duk wani gwanin noma ko sanannen makiyayi a ƙauyukan nan sun yi masa nasa ɗan kiɗan, wanda in ya ji, ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu ya fito fili.

Sai dai take abu ne mai hatsari, don mutane suna mutuwa, suna ɓatawa, suna rabuwa. Saboda haka da sun isa gidan biki, Safiyanu yana can yana haɗa wayoyi, Ɗan'azumi zai tuɓe takalmi ya bi dattawa da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna nan, ya tsuguna can, ina gajiya, ina iyali, ina wane ban gan shi ba. Kafin ya dawo ya san wanda ya rasu, ya san waɗanda ba sa ga-maciji da juna. In Safiyanu ya ɗauko taken da bai kamata ba, Ɗan'azumi ba ya cewa komai. Ƙin amsawa kawai yake yi. Da Safiyanu ya ji shiru, sai ya karkata zuwa wani kiɗan, ba wanda zai gane an yi tuntuɓe.

Wannan doguwar gaisuwa ce ta fara isar Safiyanu. Zamani ya canja, yara masu kiɗan kwamfuta sun cika gari, su da sun zo sai su danna kawai. Shi kuwa sai ya zauna jiran abokinsa ya gama tambayar lafiyar kakar wani.

Ana nan sai ya je Sabon Garin Zariya sayen tsirkiya, ya tarar da wani ɗan akwati a shagon tsofaffin kayan kiɗa. Bai fi tafin hannu ba, fentinsa duk ya goge, da kunnuwa uku na murɗawa da maɓalli guda da ake takawa da ƙafa. Makaɗa na ce masa eko. Mai shagon ya haɗa masa, ya ce ya kaɗa. Safiyanu ya kaɗa layi guda, sai ga layin ya dawo masa, ya sake dawowa, kowace dawowa ta fi ta baya laushi da dusashewa, kamar muryar wanda ke sallama yana nisa. Mai shagon ya ce irin na da ne, ba irin na yanzu masu amo kamar gwangwani ba. Ya kuma gargaɗe shi abu biyu: maɓallin ya tsufa, wani lokaci yakan cije, sannan kunnen tsakiya, mai ƙara yawan maimaici, kada ya kuskura ya murɗa shi har ƙarshe.

Sati biyu Safiyanu bai bar ɗaki ba sai sallah. Ya gano inda zai tsayar da kunnen farko amsar ta faɗo daidai inda Ɗan'azumi ke sa tasa. Matarsa Mukarrama ta leƙo wata rana da kwanon fura, tana waige-waige.

"Au, kai kaɗai ne? Na zaci Ɗan'azumi ya zo, har na ƙaro ludayi."

Da ta san abin da maganar nan za ta haifar, da ta haɗiye ta. Safiyanu ya yi ta murmushi shi kaɗai har furar ta tsinke.

Bai ma iya zuwa Hunkuyi ya faɗa da bakinsa ba. A waya ya yi, yana ta kewaye-kewaye: hanya ta lalace, babur ba ya ɗaukar mutum biyu da lasifika, a ɗan huta tukuna. Ɗan'azumi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Shi ke nan, shekara goma sha tara ta ƙare a minti uku. Bayan wata biyu Ɗan'azumi ya kira shi sau biyu a rana ɗaya. Safiyanu ya zuba wa wayar ido har ta gaji ta yi shiru. A ransa cewa ya yi roƙon dawowa ne, kuma ba shi da fuskar da zai ce a'a.

Gaskiya akwatin ya yi masa rana. Aka riƙa cewa Safiyanu ya samo aljani mai amshi. Yara na rububin ganin ƙafarsa, shi kuwa har wani ɗage wando yake yi kafin ya taka.

Bayan kaka aka kira shi wunin biki a Saulawa, gidan da ya sani tun yana saurayi. Abokan ango ne daga Ikara suka ɗauko shi. Ya iso bayan azahar, ya wuce dattawa a ƙofar gida da ɗaga hannu kawai, ya duƙufa kan wayoyinsa. Da la'asar fili ya cika, mata sun yi da'ira. A gaba, kan tabarma, ga Inna Kulu, kakar amarya, ta sha sabon mayafi. Ganinta ya tuna masa da autanta Bobbo, gwanin garma, mai rawa da ƙafa ɗaya, wanda takensa ya fi kowane daɗi a cikin duk waɗanda suka taɓa yi. Ya ce a ransa bari ya fito da Bobbo fili, tsohuwa ta ji daɗi. Ya taka akwati, ya jefa layin farko.

Akwati ya amsa, cikin laushin nan nasa. Amma ba wanda ya fito. Guɗar da aka fara ta tsinke a tsakiya, masu tafi suka sauke hannu. Wata mata ta dafe kai ta ce, "Innalillahi!" Nan take jikinsa ya ba shi. Ya ɗauke hannu daga jita, amma taken bai tsaya ba, yana ta dawowa. Ya taka maɓalli, maɓalli ya cije. Ya sake takawa, a banza. Ya duƙa a gigice ya cafki kunnen tsakiya, maimakon ya mayar da shi baya sai ya murɗa shi har ƙarshe. Taken Bobbo ya riƙa hawa kan kansa, yana kumbura, yana ƙara ƙarfi, har ya zama wani irin kuka mai tsawo da ya sa awaki tsinke igiya. Sai da wani dattijo ya je ya kashe janareta.

A cikin shirun nan ba abin da ake ji sai kukan Inna Kulu. Wata huɗu ke nan da maciji ya sari Bobbo a gonar dawa.

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Dattijon da ya kashe janareta ne kawai ya matso yana kallonsa yana naɗe waya, ya ce, "Da ba ka sani ba, da sai mu ce kuskure ne. Amma kai da ka aiko da ta'aziyya?"

Safiyanu bai gane maganar ba, bai kuma iya tambaya ba. Ya hau babur ya bi ta bayan gari. Kwana shida ko masallacin unguwa bai iya zuwa ba, kunya ta hana shi cin abinci, in ya rufe ido kukan nan yake ji. A na bakwai Mukarrama ta ajiye masa takalmansa a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ka san inda za ka."

Ya sami Ɗan'azumi a kasuwar hatsi ta Hunkuyi, zaune kan buhu da basilla a hannu, yana ɗinke bakin buhunan masara. Suka gaisa doguwar gaisuwa, irin wadda Safiyanu ya tsana, yau kuwa shi ke ƙara jan ta don kada a zo ga magana.

"Na ji abin da ya faru," in ji Ɗan'azumi. "Ranar da aka yi rasuwar na kira ka sau biyu."

Safiyanu ya sunkuyar da kai.

"Da ban same ka ba, sai na je ni kaɗai. Inna ta tambaye ka. Na ce zazzaɓi ya kwantar da kai, kai ka aiko ni. Ban so a ce mai taken Bobbo bai zo ba."

Ashe mutumin da ya sallama ta waya bai daina rufa masa asiri ba. Kuma rufin asirin ne ya sa duk Saulawa ke ganin da gangan ya kaɗa wa uwa taken ɗanta mamaci a gaban jama'a. Hanya ɗaya ce ta wanke kansa, ita ce ya je ya tona kansa da bakinsa.

Washegari da hantsi suka tafi tare, kuma babur ɗin da aka ce ba ya ɗaukar mutum biyu ya ɗauke su lafiya lau. Inna Kulu na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Safiyanu ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da tabarmarta.

"Inna, na zo ta'aziyya ne, wadda ban yi ba. Ban aiko kowa ba, ban yi zazzaɓi ba. Ban ma san Bobbo ya rasu ba, don wanda zai faɗa mini na kore shi, da ya kira ni kuma na ƙi ɗauka. Ya faɗi haka ne don ya kare ni. Ki yafe mini."

Tsohuwa ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Wannan abin da ya yi ta kuka, shi ka ɗauka a madadinsa?"

"Shi ne, Inna."

"Shi ya san wanda ya mutu?"

Safiyanu ya girgiza kai, hawaye na ɗiga kan gwiwarsa.

"Na yafe maka, ɗan nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ba ni kaɗai ka yi wa laifi ba."

A hanyar komowa ya tsayar da babur a gindin wata ɗorawa, ya roƙi Ɗan'azumi gafara, ya kuma roƙe shi ya dawo. Ɗan'azumi ya ce gafara kam ya yafe tun ranar. Sannan ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa. Basilla da igiyar buhu sun yi wa yatsun kanta, biyu ma ba sa lanƙwasuwa sosai. Jitar kuwa ya ba wani ɗan ƙanwarsa da ke Kaduna.

"Ka bari kawai, Safiyanu," in ji shi. "Na saba da buhuna."

Akwatin yana nan har yau a kan sif ɗin Mukarrama, ba batir a cikinsa. Wani makaɗi daga Kudan ya yi ta naci a sayar masa, Safiyanu ya ce shi akwatin ba shi da laifi, abin da ka ba shi yake mayar maka, amma bai sayar ba. Yanzu in ya isa gidan biki, kafin ya taɓa waya sai ya tuɓe takalmi ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, har abokan ango su fara duba agogo. In ya fara kiɗa kuma, ya jefa layi, sai ya ɗauke hannu ya jira daidai tsawon amsar Ɗan'azumi, kansa a sunkuye, sannan ya ci gaba.