Filin Bayan Gidan Kalilu

Kalilu yana da daɗin baki, kuma bai taɓa musun haka ba. In aka ce ya cika zuzuta kaya, sai ya yi dariya ya ce dillalin da ba ya ƙara gishiri yunwa ce ajalinsa. Ɗaki mai taga ɗaya, in ya bi ta bakinsa, sai ka rantse iskar duniya a nan take kwana. Kowa ya san halinsa, amma shi ɗin dai ake nema, don ya iya yaren masu gidaje, kuma ba ya barin baƙo ya kwana a titi.

Ɗan Fagge ne. Karatu ya kawo shi Kuala Lumpur, karatun ya ƙi, sai ya zama mai nema wa ɗalibanmu gidan haya. Ofishinsa tebur ne a wani shagon mamak, wato gidan shayi da abinci, da ke Taman Melati, inda yake wuni da shayi da waya. Matarsa Barira tana yin dambun nama da yaji tana sayar wa matan ɗalibai. 'Yarsu ɗaya, Hasna, wadda in an yi mata Hausa take amsawa da Turanci.

Da farko a can saman wani dogon bene suke zaune a Bukit Jalil. Barira ta tsani wurin. Ba inda za ta shanya barkono, in ta taɓa turmi na ƙasa su kai ƙara, yarinya kuma ba ta san ƙasa a tafin ƙafarta ba. Kullum maganarta ɗaya, ita tsakar gida take so.

Sai Kalilu ya samo gida a wata unguwa a gefen gari, jerin ƙananan gidaje manne da juna. A bayan jerin akwai fili mai tsawo, shimfiɗe da ciyawa kore shar, ba gini ko ɗaya. Ranar da Barira ta buɗe ƙofar baya ta gan shi, sai ta cire takalmi ta taka.

A can ƙasarmu, in ka ga fili a tsakiyar unguwa, ka san mai shi ne bai samu halin gini ba, ko magada ne ba su daidaita ba. Haka Kalilu ya ɗauka, haka duk namu suka ɗauka. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda garin da ake gina bene a kan bene zai bar wannan wuri a banza. Akwai 'yan alluna masu ruwan ɗorawa a kakkafe, Kalilu ya san na bututun gas ne da ya bi ta ƙarƙashi. Ya ce ai abin da ke cikin ƙasa ba ruwansa da na sama. A jikin ɗaya daga cikin allunan ma Barira ta ɗaura igiyar shanya.

Filin nan ya zama jarinsa. Duk mai iyalin da ya sauka, can yake kai shi.

"Dakta, ka ga fili kyauta," in ji shi ga Tajuddeen, wani ɗalibi daga Zariya. "Yara su yi ƙwallo, Madam ta yi shanya. Ko a Nasarawa ba ka samun wannan."

"Oga Kalilu, wancan ɗakin da ka ce yana kallon tafki, kwata na tarar."

"Ba ruwa a kwatar? Boleh lah, zai yi, kama kawai."

Tajuddeen ya kama. Kafin shekara ta zagayo, gidajen Hausawa sun yi yawa a layin.

Daga baya wani kamfani ya fara ginin shaguna a bakin filin. Motocin haƙa suka zo, ƙasa ta riƙa girgiza har kofi yana rawa a kan tebur. Bangon kicin ɗin Barira ya tsage. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa 'yar ƙasar, ta kama hannunta ta kai ta bakin ramin, ta nuna mata yadda haƙan ya matso kusa da allunan. Ta ce mutanen unguwa za su taru su kai kuka, a zo da yawa.

Kalilu ya bi gidajen namu ɗaya bayan ɗaya ya hana. Ya ce baƙo ba ya shiga faɗan gari, wanda bizarsa ke hannun mutane ba ya ɗaga murya. Maganar ta shige su, don kowa yana tsoron abin da zai taɓa karatunsa. Ba Bahaushe ko ɗaya a taron.

Barira ba mai yawan magana ba ce. Ta bari ya gama cin tuwo, sannan ta ce, "Baban Hasna, mu tashi daga gidan nan."

"Ke da kika ce tsakar gida kike so?"

"Na fasa. Mayar da ni saman benen."

"In na tashi, me zan ce wa mutanen da na zuba a layin? Kowa zai watse, sunana ya lalace. Mutanen nan sun san aikinsu, ba irin namu ba ne. Bari dai a yi Sallah."

"Ni ma zuzuta min za ka yi? Ni ba ɗaliba ba ce."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta sake faɗa bayan sati, ta kuma sake. Amsar dai ita ce bayan Sallah.

Wata Asabar da hantsi ya ɗauki Hasna zuwa Jalan Semarak, zai taho da wani sabon ɗalibi ya nuna masa gida a layin. Yawancin iyalan sun tafi walimar wani da ya gama digiri. Barira ta ce za ta bi su can in ta kwashe barkonon da ta shanya. Suna kan hanyar dawowa, Kalilu yana cikin yabon filin, ɗalibin ya nuna gaba ya ce, "Wancan fa?" Wuta ce tsaye a sama, ta fi duk benayen da ke kusa tsawo.

Bututun gas ɗin ne ya fashe. An tare hanya. Ya bar yarinyar a mota da baƙon, ya ruga da ƙafa, 'yan kwana-kwana suka riƙe shi. Zafin daga nesa ma yana narkar da robar motoci. An samu Barira a bakin titi, ta yi gudu har inda ƙafarta ta iya. Bayanta duk ya ƙone. Ta yi kwanaki a asibiti, a naɗe, ba ta magana sosai. Da ta farka sau ɗaya ta gan shi, ta tambaye shi ina Hasna, ba ta ce masa komai a kan gidan ba. Shi kuwa ya so ta faɗa. Ta rasu kafin azumi ya kama, aka binne ta a nan.

Sauran mutanen layin sun tsira da ransu, kayansu ne suka tafi. Ba wanda ya zage shi. Tajuddeen ma, da takardun bincikensa suka ƙone, shi ya riƙa kai masa abinci. Kalilu ya koma teburinsa na shagon mamak, amma bakin ya mutu. In ya kai mutum ganin gida, sai ya fara da bayan gidan, ya lissafa masa duk aibin da ke ciki. Masu gidaje suka daina kiransa. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Da takardunsa na zama suka ƙare bai nemi sabuntawa ba, ya ce zai kai Hasna wurin kakarta.

Ranar da zai tafi, aka taru a masallaci bayan Juma'a don sallama. Dattawa suka yi ta ba shi haƙuri, kowa yana cewa ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare. Ya saurara har suka gama, yarinyar tana riƙe da gefen rigarsa. Sai ya tura ta wurin matan, ya juyo.

"Na yarda da ƙaddara," in ji shi. "Amma abu ɗaya nake roƙonku. Yarinyar nan za ta girma, za ta haɗu da waninku a Kano ko a Zariya, za ta tambaya. Kada ku rufa min asiri. Ku gaya mata uwarta ta ga abin tun da wuri, ta ce mu tashi, ni na ce a bari sai bayan Sallah."